Metabolizim

Metabolizim shi ne dukkan sauye-sauyen sinadarai da ke gudana cikin ƙwayar halitta domin ta rayu. Aiki biyu ne a haɗe, rushewa da gini. Ɓangaren rushewa, wato katabolizim, shi ke farfasa sukari da kitse da furotin ya fitar da kuzarin da ke cikinsu. Ɓangaren gini, anabolizim, shi ke kashe kuzarin wajen haɗa sababbin sinadarai. Kowane mataki da inzayim ɗinsa, wato furotin da ke hanzarta aikin ba tare da shi kansa ya ƙare ba.

Ƙwayar halitta ba ta ƙona abinci gaba ɗaya kamar itace a murhu. Da haka take yi, da zafin ya hallaka ta. Kaɗan-kaɗan take tatsar kuzarin tana ɗurawa cikin wani ƙaramin sinadari mai suna ATP, wanda Karl Lohmann ya gano a Jamus a 1929. ATP na ɗauke da fosfet uku. In aka ɓalle na ukun sai kuzari ya fito, daga baya a sake manna shi. Kamar guga yake a bakin rijiya: a cika, a juye, a mayar. Ba a tara shi da yawa, amma wanda jikin baligi ke sabuntawa a yini guda ya kusa nauyin mutumin kansa.

Matakin farko na farfasa gulukos, wato wani nau'in sukari mai sauƙi, shi ne gilaikolisis. Matakai goma ne, kuma ba ya buƙatar iskar oksijin. Ana raba gulukos gida biyu, ribar ATP biyu kacal. Da wannan 'yar riba yis ke rayuwa yana fitar da iskar da ke kumbura ƙullin waina, da ita kuma ƙwayoyin bakteriya ke mayar da madara kindirmo. Jajayen ƙwayoyin jininmu ma ita kaɗai suka dogara da ita.

Babbar ribar tana cikin maitokondiriya, wasu 'yan ɗakuna da ke cikin ƙwayar, waɗanda mutum ke gada daga mahaifiyarsa. A nan abin da ya rage na gulukos ke shiga zagayen da Hans Krebs ya bayyana a 1937 a Jami'ar Sheffield ta Ingila. Zagayen na fitar da iskar da muke fesarwa in mun yi numfashi, yana kuma kwashe ilektiron, wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi masu cajin lantarki da ke ɗauke da kuzarin. Waɗannan ilektiron suna bin jerin furotin da ke jikin bangon ciki na maitokondiriya har su iske oksijin, su zama ruwa. A kan hanya ana tura furoton, wato ƙwayoyin haidurojin masu cajin lantarki, zuwa bayan bangon, su taru kamar ruwa a madatsa. Ƙofar komawarsu wani inzayim ne mai juyawa, juyi na gaske irin na injin niƙa, yana ƙera ATP. Peter Mitchell ne ya kawo bayanin cewa taruwar furoton ce ke sa a ƙera ATP a 1961. Masana sun daɗe suna ja da shi kafin ya karɓi kyautar Nobel a 1978. Ta wannan hanya gulukos ɗaya kan ba da ATP 30 zuwa 32. Gubar sayanayid da ke cikin rogo mai ɗaci ƙarshen wancan jerin furotin take toshewa, shi ya sa jiƙa shi da shanya shi ba abin wasa ba ne.

Gini kuwa daga kan wannan hanyar yake ɗibar kayansa. Ƙwayar kan janye wasu sinadaran daga tsakiyar zagayen Krebs ta haɗa amino asid. Cikin ashirin da ake gina furotin da su, tara ne jiki ba ya iya haɗawa, dole sai daga abinci. Rarar gulukos hanta da tsoka ke ajiye ta a matsayin gilaikojin, in rumbun ya cika a mayar da ita kitse. Mai azumi daga ajiyar hanta yake ci. In ta yi ƙasa, hanta ta fara ƙera sabon gulukos daga amino asid da gilisirol da ke fitowa daga kitse, musamman saboda ƙwaƙwalwa, wadda nauyinta kusan kashi 2 cikin 100 na jiki ne amma take cin kusan kashi 20 na kuzarinsa lokacin hutu.