Waiwaye: Yadda Aka Gano Dokar Da Ke Raba Wa Sinadarai Mazauni A Cikin Ƙasa

A shekarar 1923, a birnin Kofanhagen na ƙasar Denmak, masana biyu, Dirk Coster da George de Hevesy, suka gano sabon sinadari, suka raɗa masa suna hafniyom. Inda suka same shi ne ya ɗaure wa mutane kai: cikin dutsen zirkon, wanda ake ta nazarinsa tun 1789, lokacin da Bajamushe Martin Klaproth ya gano zirkoniyom a cikinsa. Fiye da shekara 130 ana narka wannan dutse ana aunawa, babu wanda ya tabbatar da akwai baƙo a ciki. Ba wai hafniyom ƙaranci ya yi ba, domin ya fi zinari yawa a ɓawon ƙasa nesa ba kusa ba. Girman ƙwayar zarrarsa da cajinta ne suka zo daidai da na zirkoniyom, har dutsen kansa ba ya bambance su in yana ginuwa.

Kafin wannan lokaci, ilimin sinadaran ƙasa aikin ƙidaya ne kawai. Christian Schönbein ya ba fannin suna tun 1838, amma Ba'amurke Frank Clarke ne ya yi wahalar tattara sakamakon awon dubban duwatsu, ya fitar da babban kundinsa a 1908. Daga irin wannan aiki aka san cewa oksijin ya kusa rabin nauyin ɓawon ƙasa, silikon ya haura kashi ɗaya cikin huɗu, kuma sinadarai takwas kacal sun cinye kusan kashi 98 cikin 100. Sai dai ƙidaya ba ta amsa tambayar da kowane mai haƙar ma'adinai ke yi: me ya sa dalma ba ta rabuwa da farar wuta, me ya sa wasu sinadaran ke taruwa wuri guda wasu kuma su watse?

Amsar ta jira har aka leƙa cikin ƙwayar zarra. A 1911 Ernest Rutherford ya nuna cewa tana da cibiya, a 1913 Niels Bohr ya bayyana yadda elektron, wato ƙananan ɓarɓashi masu cajin lantarki, ke jeruwa hawa-hawa kewaye da ita. A 1912 Max von Laue ya haska kiristal da hasken eksire, sannan William Bragg da ɗansa Lawrence suka yi amfani da dabarar suka gano jerin ƙwayoyin da ke cikin gishirin miya. A 1916 Walther Kossel da Gilbert Lewis suka fayyace hanyoyi biyu da ƙwayoyi ke ɗauruwa: ko dai ɗaya ta miƙa wa ɗaya elektron, su koma masu caji suna jan juna, ko kuma su yi tarayya a kansa.

Wanda ya ɗauko wannan sabon ilimi ya shiga da shi cikin dutse shi ne Victor Goldschmidt. An haife shi a Zurik a 1888, ya tashi a ƙasar Nowe. A 1917, yaƙin duniya na farko ya toshe wa Nowe hanyar shigo da kayan masana'antu, gwamnati ta ɗora masa aikin nemo madadi a cikin gida. Buƙata ce ta tura shi, kuma a ganina shi ya sa tunaninsa bai taɓa nisa da murhun narka ma'adinai ba. Ya lura cewa in an narka tama, abin kan rabu: ƙarfe ya nutse ƙasa, mai farar wuta ya kwanta a tsakiya, kashin maƙera ya taso sama, hayaƙi ya tashi. Duwatsun da ke faɗowa daga sararin sama ma haka suke, akwai na ƙarfe, akwai na dutse. A 1923 ya raba sinadarai gida huɗu: masu son ƙarfe, masu son farar wuta, masu son dutse da masu son iska. Ya ce ita ma duniya haka ta rarrabu lokacin da take narke. Zinari da filatinom masu son ƙarfe ne, don haka mafi yawansu suka bi ƙarfe zuwa tsakiyar ƙasa, inda hannu ba ya kai. Tsadar zinari daga nan ta samo asali.

Aikinsa mafi nauyi ya zo a 1926, da ya fitar da jadawalin girman ƙwayoyi masu caji. Daga nan ya tsamo doka mai sauƙin faɗi: ƙwaya na iya shiga gurbin wata a cikin kiristal muddin cajinsu ya yi daidai ko kusa, kuma bambancin girmansu bai wuce kashi 15 cikin 100 ba. Kamar magini ne da tubali, duk wanda ya cika gurbin ana iya ɗora shi, ko daga wane rami aka kwaɓo ƙasarsa. Shi ya sa ƙarfe da magniziyom ke musanya a dutsen olibin, nikel ma ya kutsa tsakaninsu. Shi ya sa kuma galiyom, wanda ake sawa a kayan lantarki na zamani, ba shi da mahaƙarsa ta kansa, sai a jikin alminiyom ake tatso shi.

To, waɗanda ba su dace da kowane gurbi ba fa? Wasu sun cika girma, wasu cajinsu ya yi yawa. In narkakken dutse ya fara daskarewa, kiristal na farko kan ƙi karɓarsu, su yi ta taruwa a ragowar ruwan har ƙarshe. Kuza da niyobiyom da tantalom na cikin wannan sahu, kuma wannan ne ya tara su a duwatsun giranit na tudun Jos, har Najeriya ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da kolumbait, ma'adinin da ke ɗauke da niyobiyom da tantalom, a shekarun 1950.

Goldschmidt bai ga gyaran da aka yi wa dokarsa ba. Kasancewarsa Bayahude, ya bar jami'ar Gottingen a 1935 saboda 'yan Nazi, aka kama shi a Oslo a 1942, ya tsere Suwidin sannan Birtaniya, ya rasu a 1947. Dokarsa kuwa tana da giɓi. Ƙwayar tagulla mai caji ɗaya da ta sodiyom sun kusa zama girma ɗaya, amma ba sa musanya. Linus Pauling ya riga ya auna ƙarfin da kowace ƙwaya ke fizgar elektron da shi tun 1932, sai a 1955 Ted Ringwood na Ostireliya ya shigar da wannan cikin dokar. Sodiyom na sakin elektron ɗinsa ga oksijin kacokan, ita kuwa tagulla ta fi son tarayya, kuma farar wuta ce abokiyar da ta dace da ita. Dalma da azurfa ma can suka fi karkata.

Wannan bayani ba na ɗakin gwaji ba ne kaɗai, kuma mu ya kamata mu fi kowa kula da shi. Ruwan zafin da ke ratsa tsagar duwatsu ɗauke da zinari, sau da yawa farar wuta ce ke taimaka masa narkar da shi, kuma shi ne ke sauke dalma a jijiya ɗaya. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, an yi ta niƙa irin wannan dutse a tsakar gida, yara aƙalla 400 suka rasu da gubar dalma. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa iska da ruwan sama sun riga sun sauya yawancin dalmar daga haɗinta da farar wuta zuwa wani haɗi da ruwan cikin mutum ke narkarwa cikin sauƙi.

Yuraniyom ɗin Arlit a Nijar, wanda ake haƙa tun 1971, shi ma caji ne ya ajiye shi a wurin. In cajinsa shida ne, ruwa mai oksijin na narkar da shi ya tafi da shi. Da zarar ruwan ya iske ruɓaɓɓun tsirrai binne cikin dutsen yashi, sai cajin ya sauko huɗu, ya daina narkewa, ya zauna nan.