Shin Motocin Farko Sun Fi na Yanzu Aminci?

Mutane da yawa sun yi imani cewa motocin farko ba sa lalacewa, wai ƙarfensu ya fi kauri kuma an ƙera su da gaskiya. Tarihin mota ya nuna akasin haka.

A shekarar 1888, Bertha Benz ta tuƙa motar da mijinta Karl Benz ya ƙera daga Mannheim zuwa Pforzheim a Jamus, tafiyar da ta haura kilomita 100. A hanya bututun mai ya toshe, ta buɗe shi da allurar hularta, birkin katako ya cinye har sai da wani baduku ya lulluɓe shi da fata, man kuma a kantin magani ta saya.

Ford Model T, wadda aka fara sayarwa a 1908, da hannu ake murɗa injinta kafin ya tashi, kuma idan ya mayar da bugu yana iya karya hannun direba. Tankin manta yana ƙarƙashin kujera, babu famfon da ke tura mai, don haka idan mai ya yi ƙasa direbobi kan hau tudu mai tsayi da baya.

Gaskiyar da ke cikin wannan zato ita ce sauƙin gyara, domin manomi da sifana da guduma yana iya tayar da motar a gefen hanya. Tsoffin motocin da ake nunawa a yau kuwa, 'yan kaɗan ne da aka yi ta kashe musu kuɗi, yayin da miliyoyin 'yan'uwansu suka zama tsohon ƙarfe tuntuni.