Waiwaye: maganar "kar a ajiye sitok" ba jiya ta fara ba

Tun rufe iyakokin 2023 gardamar nan ta ƙi ƙarewa a fadojin Damagaram da gurup ɗin WhatsApp na masu ƙananan masana'antu, masu man gyaɗa, majema, masu ruwan leda, masu buga bulo. Samarin da suka yi karatun kasuwanci na cewa cika magaza da kaya ɓarna ce, ka sayi daidai abinda za ka sarrafa, ka sarrafa daidai abinda aka yi komandi, wai riba ta ƙaru kuma muhalli ya huta. Dattawa kuma na cewa wanda bai da rumbu bai shirya ma rani ba.

Tarihin wannan dabara ta samarin, yadda aka saba jinsa, gajere ne. Ford ya kafa layin haɗa motoci a Amurka a 1913, Toyota ta Japan ta zo da nata salon na kawo kaya daidai lokacin buƙata, tashin farashin mai na 1973 ya sa wasu kamfanoni suka fara kwaikwayonta, a 1988 aka raɗa ma tsarin suna "lean", masu binciken jami'ar MIT suka yaɗa shi duniya a 1990.

Amma shekarar da ba a cika tsayawa a kanta ba ita ce 1950. Japan ta fito daga yaƙi a talauce, an matse kuɗi a ƙasar don kashe tsadar rayuwa, kamiyoyin da Toyota ta ƙera suka yi ta zama ba mai saye, waɗanda suka ɗauka bashi ma biya ya gagara, kamfanin ya kai bakin durƙushewa. Rancen da ya cece shi ya zo da sharaɗi: a ware sashen sayarwa ya zama kamfani daban, a rage ma'aikata. Aka yi yajin aiki kusan wata biyu, mutum sama da 2,000 suka bar aiki, wanda ya kafa kamfanin Kiichiro Toyoda ya sauka daga kujerarsa. Abinda suka fita da shi daga wannan wahala shi ne motar da aka ƙera ba mai saye kuɗi ne a kwance, kuma kuɗin nan su ne babu.

To da wannan idon injiniyansu Taiichi Ohno ya lissafa ɓarna iri 7: ƙera fiye da buƙata, jira, jigilar banza, aikin da ya wuce kima, tara kaya, kai da kawo na ma'aikaci, da kayan da suka fito da aibi. Ku duba da kyau, babu hayaƙi a ciki, babu gurɓataccen ruwa. Ba mugunta ba ce, abinda ke cin aljihun kamfani kawai aka ƙirga. Ma'aunin kula da muhalli na ISO 14001 sai 1996 ya fito, ta wata hanya dabam.

Shi ya sa sakamakon a fannin muhalli ke zuwa rabi da rabi. In aibi ya ragu, ɗanyen kaya da lantarki da ruwa sun ragu, wannan gaskiya ne, samarin ba su yi ƙarya ba. Amma kawo kaya kaɗan-kaɗan sau da yawa yana nufin kamiyo ya yi ta zirga-zirga rabi cike yana shan gazuwal. Su Toyota a yankinsu na Aichi da ke Japan masu kawo musu kaya na kusa da ƙofarsu, mu kuwa Kano kusan kilomita 240 ce da boda a tsakani, Yamai wajen 900, tashar ruwan Kotonu ba a ma magana. Ita kanta Toyota bayan ambaliyar tsunami ta 2011 ta koma tanadin wasu kayan lantarki na watanni.

A nan gida ruwa da tsada, don haka duk mai masana'anta na tattalinsa ko ba a ce masa "lean" ba, kowane bido da kuɗinsa. Ruwan jima da ke bin kwata da ledar da iska ke maƙalawa a ƙaya kuwa ba su shiga littafin lissafin kowa, yadda ba su shiga jerin Ohno ba.