Sauti da shirun sararin samaniya

Sauti girgiza ce da ke ratsa wani abu, ko iska ko ruwa ko ƙarfe, har ta isa kunne. Idan makaɗi ya bugi ganga, fatarta kan yi karkarwa ta tunkuɗe ƙwayoyin iskar da ke jikinta, su ma su tunkuɗe na gabansu. Ƙwayoyin ba sa yin nisa da inda suke, tunkuɗar ce ke tafiya har ta kaɗa dodon kunne. Kunnen ɗan Adam yana jin girgizar da ke maimaituwa daga sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa ɗaya.

Saurin sauti ya danganta da abin da yake bi. A iska mai zafin digiri 20 yana cin mita 343 a daƙiƙa, a ruwa kusan mita 1,500, a ƙarfe kuwa wajen mita 5,000. Haske ya fi shi gudu nesa ba kusa ba, shi ya sa da damina ake ganin walƙiya kafin a ji tsawa. In an ƙirga daƙiƙa uku tsakaninsu, to aradun ta faɗi ne kimanin kilomita ɗaya daga wurin.

A sararin samaniya ƙwayoyin sun yi wa juna nisa ƙwarai, babu mai taɓa wani, don haka girgiza ba ta da abin bi. A 1660 masanin kimiyya Robert Boyle ya bayyana gwajin da ya yi a Ingila: ya rataya agogo cikin tulun gilashi, aka zuƙe iskar da famfo, sai ƙarar agogon ta dusashe alhali yana ci gaba da aiki. Da aka mayar da iska, ƙarar ta dawo. Fashewar da ake ji a finafinan yaƙin samaniya ado ne kawai na masu shirya fim.

'Yan sama jannati suna hira kamar kowa a cikin kumbo saboda akwai iska. Da zarar sun fita waje sai da rediyo, domin igiyar rediyo dangin haske ce, ba ta buƙatar iska.

Duniyar Mars tana da iska, sai dai siririya ce ainun. Na'urar Perseverance, wadda hukumar NASA ta Amurka ta saukar can a Fabrairun 2021, ta naɗo hucin iskar wurin, aka kuma auna saurin sauti a can ya kama kusan mita 240 a daƙiƙa.