Sauya rufin gida a karkarar Amurka ma yakan buƙaci izini

Mutane da yawa sun ɗauka cewa a Amurka, in gidanka yana wajen iyakar birni, sai kawai ka kira masu aiki su sauya rufi, ba ruwan kowa. A wurare da yawa ba haka ba ne, sai da izini. Inda ikon birni ya tsaya, na gunduma ke kamawa.

Dubi Florida. Bayan guguwar Andrew ta 1992 ta yaye rufin dubban gidaje, jihar ta kafa dokar gini guda wadda ta fara aiki a 2002, kuma ta hau kan ƙauye da birni. Sufeton gini yakan duba har tazarar ƙusoshin da aka buga a katako. A Texas kuwa, gundumomi da dama ba sa neman wannan izini. Amma inda ake nema, wanda ya tsallake yakan gane kurensa ranar sayar da gida ko neman diyyar inshora.