Girka Python don lissafin kimiyya

Python harshe ne da ake rubuta wa kwamfuta umarni da shi. Guido van Rossum, ɗan ƙasar Holan, ya fitar da shi a 1991. Masu bincike sun rungume shi ne saboda ƙananan manhajojin da aka gina a kansa: NumPy don lissafi da jerin lambobi, SciPy da ya fito a 2001, Matplotlib don zana jadawali, sai pandas don tsara bayanai a teburi. Duk kyauta ne. Ɗalibi a Jami'ar Tarayya ta Dutse ko jami'ar jiha ta Kafin Hausa da ke son kwatanta ruwan saman Haɗeja na shekara ashirin da yawan geron da aka girbe, da waɗannan zai yi aikinsa.

Hanyar girkawa biyu ce. Anaconda, wanda ya bayyana a 2012, yana zuwa da komai a haɗe har da Jupyter, wato shafin da ake rubuta umarni a ga sakamakon nan take a ƙasansa. Sai dai nauyinsa ya kusa gigabait guda, kuma wanda ke jan data daga waya a ƙauyen da sabis ke zuwa yana ɗaukewa ya san mene ne gigabait. Ɗaya hanyar ita ce a sauke Python zalla daga python.org, abin da bai wuce megabait talatin ba, sannan a ƙara abin da ake buƙata da umarnin pip, wanda ke sauko da manhajojin Python ya girka su. A karkara wannan ta fi.

A Windows akwai wani ɗan akwati a shafin farko na girkawa mai cewa a saka Python a PATH. Sabon shiga yakan tsallake shi, daga baya ya buga python kwamfuta ta ce ba ta san shi ba. PATH jerin wuraren da kwamfuta ke leƙawa ne idan an kira manhaja da sunanta, in ba a saka ba kuwa ba za ta same shi ba. Tsofaffin kwamfutoci 'yan gwanjo masu Windows 7 kuma sai Python 3.8, domin daga 3.9 an daina yi musu.

Inda intanet ke wahala, mutum ɗaya yakan shiga gari ya sauko wa kowa. Umarnin pip download numpy scipy pandas matplotlib yana tara fayilolin duka, har da waɗanda suka dogara da su, a folda guda. A kwafe ta a filashi, a dawo gida, a girka da pip install tare da --no-index da --find-links ana nuna masa foldar, ba a taɓa data ba. A nan ne aka fi tuntuɓe. Da yawa daga fayilolin suna ɗauke da alamar wanda aka ɗinka wa su a cikin sunansu: cp312 na Python 3.12 ne, win_amd64 na Windows mai bit 64. Fayil mai alamar cp312 da aka sauko a kwamfutar mai 3.12 ba zai hau ta mai 3.8 ba, ko an kwana ana gwadawa. Don haka kafin a hau mota zuwa Dutse ko Kano, kowa ya buga python --version ya rubuta lambar a takarda, don mai saukowa ya samo wa kowa wanda ya dace da kwamfutarsa.

Masana sukan ware wa kowane aiki nasa muhallin da umarnin venv, don kada sabunta manhajar wani aiki ya ɓata wani. A kuma tabbatar batir na da caji kafin a fara, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar girkawa na iya barin manhaja rabi da rabi, sai an cire an sake.

Marar kwamfuta zai iya fara koyo a wayar Android da Pydroid 3, wanda yake ɗaukar NumPy da Matplotlib, ko da yake dogon rubutu a kan ƙaramin allon waya na gajiyar da yatsu.