Hoton matar nan mai tagumi: amsar tambayoyin da kuke ta maimaitawa

Ana maganar sanannen hoton nan ne na Amurka da ake kira "Migrant Mother", na wata uwa 'yar ci-rani da yaranta.

Wace ce ita?

Florence Owens Thompson, 'yar ƙabilar Cherokee ta 'yan asalin Amurka, shekararta 32 a lokacin. Mai ɗaukar hoto Dorothea Lange ce ta ɗauki hotonta a watan Maris na 1936 a Nipomo, jihar Kalifoniya, a zangon masu tsinkar wake da sanyi ya lalata musu amfanin gona.

Me ya raba irin waɗannan iyalai da gonakinsu?

Fari, guguwar ƙura, bashi, da karyewar tattalin arzikin Amurka tun 1929.

Lange 'yar jarida ce?

A'a, na sha faɗa. Aikin gwamnati take yi a lokacin, a hukumar da ta koma FSA (hukumar tallafa wa manoma) a 1937, ƙarƙashin Roy Stryker, shugaban sashen hotuna.

Ina so in ɗauki hoton 'yan ci-rani ko 'yan gudun hijira. Sai na nemi izini? In biya su?

Izini dole ne, kar ka ma sake tambaya. Amma izinin wanda yunwa ta ci ƙarfinsa ba cikakke ba ne, domin yana iya amsawa saboda yana zaton taimako ka kawo. Ka faɗa masa inda hoton zai je. Idan matar aure ce ko yara, sallama ga maigida ko shugaban zango na iya zama wajibi, sai dai yardarsa ba ta maye gurbin tata.

Batun kuɗi ya danganta. Wasu na ganin biya yana sa mutane su shirya maka fuska, kuma da gaskiyarsu. Ni dai na fi so ka sayo abinci bayan an gama, ba ciniki kafin a fara ba.

Ka kuma rubuta suna da bayani daidai. Lange ba ta tambayi sunan matar ba, ta rubuta cewa sun sayar da tayoyin motarsu don abinci, iyalin suka ƙaryata. Gwamnati ta aika abinci Nipomo bayan jarida ta buga hotunan, amma su sun riga sun tashi. Sai a 1978 duniya ta san sunanta, tana kukan ko sisi ba ta samu ba.

To in haƙura ke nan?

Haba, kwantar da hankalinka. Je ka ɗauka, amma ka fara zama da su tukuna.

An taɓa gyara hoton Thompson ɗin?

E. An goge babban yatsanta da ya fito a ƙasan kusurwar dama.